Ƙaramin jirgin kamun kifi: Yadda ake zaɓen wanda mutum ɗaya zai iya sakawa a ruwa, ya kuma fitar da shi

A garuruwan da ke kusa da manyan madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa a Jihar Kano, ko Goronyo a Sakkwato, ko Dadin Kowa a Gombe, ba masunta na gado kaɗai ke neman kwalekwale ba. Akwai ma'aikacin gwamnati da ya kusa ajiye aiki, yana laluben inda zai sa kuɗin sallamarsa. Akwai ɗan kasuwar da ke son kafa wa ƙaninsa na ƙauye sana'a, akwai kuma mai sha'awar fatsa kawai, wanda ke son ya fita ranar Asabar da asuba ya dawo da na miya. Dukkansu kan zo ga tambaya guda: wane jirgi ne mutum zai iya sarrafawa shi kaɗai, ba tare da ya tsaya jiran mai kama masa ba?

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yawancin jiragen da ake sassaƙawa a ƙasar nan an yi su ne da tunanin cewa akwai jama'a a bakin ruwa. Saboda haka mai niyyar aiki shi kaɗai sai ya sauya ma'aunin da yake auna jirgi da shi. Saka jirgi a ruwa abu ne mai sauƙi, domin gangara ce, jirgin a bushe yake, mai shi kuma bai gaji ba. Wahalar tana wajen fitarwa: da yamma, bayan an wuni ana tuƙi, jirgin ya sha ruwa, hanya kuma ta koma hawa. Wannan lokacin ne ya kamata mai saye ya riƙe a ransa tun kafin ya taya.

A ina jirgin zai kwana?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta ke raba jiragen gida biyu. Idan jirgin zai riƙa kwana a kan ruwa, a ɗaure a kwata tare da na sauran masunta, to maganar nauyi ta kusa ƙarewa, domin abin da ake buƙata da safe shi ne a kwance igiya, a kwarfe ruwan da ya taru, a tura da sanda. Jirgin katako ma haka yake so. Itacen da ya saba da ruwa, idan aka riƙa fitar da shi yana wuni a rana, sai ya bushe ya tsuke, mahaɗar allunan ta buɗe, na sassaƙa kuma ya tsage. Wanda ya sayi jirgin katako da niyyar jan sa zuwa gida kullum ya haɗa wa kansa wahala biyu, ta bayansa da ta aljihunsa.

Sai dai barin jirgi a kwata yana buƙatar amana. Akwai sata, akwai aro ba izini, akwai kuma ambaliyar dare da kan tsinke igiya. Abin da aka saba shi ne a je a gabatar da kai ga Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin, a san da zaman jirgin, a kuma daidaita da wani mazaunin bakin ruwa da zai riƙa sa ido. Inji kuwa ba a barin sa a jikin jirgi.

Wanda ba zai samu wannan ba, ko wanda ke son yau ya je wannan dam gobe ya je wancan, dole jirginsa ya zama mai tafiya tare da shi, a bayan a-kori-kura ko a kan rufin mota. A nan kowane kilo yana da magana.

Gaɓar ruwan ita ce alƙali

Kafin a je wurin masassaƙi ko mai shago, a je bakin ruwan da za a riƙa shiga, kuma a gan shi a yanayi biyu: lokacin cikarsa bayan damina, da lokacin janyewarsa a ƙarshen rani. Madatsun ruwa ba kamar rijiya suke ba, bakinsu tafiya yake yi. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam ɗin a 1968, matakin ruwansa kan sauka da kusan mita 10 a shekara kafin sabon ruwa ya zo. A inda ƙasa take shimfiɗe, saukar mita ɗaya kacal na iya janye bakin ruwa da nisan gomman taku. Wurin da mota ta tsaya dab da ruwa a watan Oktoba, a watan Mayu sai a tarar akwai doguwar tafiya cikin laka tsakaninsa da ruwan. Haka abin yake a madatsun noman rani, inda ake sakin ruwa ga gonaki duk tsawon bazara.

A lura da irin ƙasar. Rairayi mai tauri shi ne mafi alheri, ana iya jan jirgi a kansa ko a tura shi a kan taya. Taɓo yana riƙe cikin jirgi kamar manne, tayoyi kuma nutsewa suke yi. Tsakuwa da duwatsu suna cin fenti da fatar jirgin fayiba a duk ja. Gaɓa mai tsayi, irin wadda kogi ya zaizaye ƙasanta, ba wurin mutum ɗaya ba ce ko da jirgin bai fi nauyin buhun gero ba. A yankin Haɗeja da Nguru kuma akwai ƙarin matsalar kacala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, inda jirgi mai faɗi ba zai ratsa ba sai siriri da ake turawa da sanda.

Nauyi, da abin da aka ƙera jirgin da shi

Ma'auni mafi sauƙi shi ne buhun siminti, wanda ke da kilo 50. Namiji mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗaga jirgi mai kilo 25 zuwa 30 ya ɗora a mota. Daga nan zuwa kilo 60 ko 70, ɗagawa ɗungurungum ta wuce, amma ana iya ɗaga gefe ɗaya, wanda ke ɗauke da kimanin rabin nauyin, a sa taya ko gungume a ƙarƙashi a tura. Abin da ya haura kilo 100 ba na ɗauka ba ne, na kwana a ruwa ne, sai fa idan akwai tirela da gangaren siminti da mota za ta bi da baya, abin da ba a cika samu ba a madatsunmu.

Kwalekwalen sassaƙa, wanda ake fafe gungumen itace guda a yi, shi ne kakan jirage a wannan ƙasa. Wanda aka gano a ƙauyen Dufuna na Ƙaramar Hukumar Fune a Jihar Yobe a 1987, lokacin da wani Bafulatani ke haƙa rijiya, ya kai kimanin shekara 8,000, kuma shi ne jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kuwa rabin mita ne kawai. Wannan siffa ta dogo siriri har yau ita ce ta kwalekwale: yana gudu da ɗan ƙarfi kaɗan, yana ratsa ciyawa, amma yana neman wanda ya tashi a cikinsa tun yana yaro. Ɗan birnin da ya fara koyon tsayuwa a cikinsa yana da shekara hamsin zai sha ruwa kafin ya iya. Ga shi da nauyi, ga manyan itatuwan da ake yin sa da su sun yi ƙaranci.

Jirgin alluna, wanda kafintocin bakin ruwa ke haɗawa da ƙusa su toshe mahaɗarsa da tsumma da kwalta, shi ya fi yawa a yanzu, daga Yawuri har zuwa Tafkin Chadi. Nauyinsa ya danganta da irin katakon, kuma mai saye zai iya lissafa shi da kansa. A ɗauki jirgi mai tsawon mita 5, faɗin ƙasansa santimita 70, tsayin kowane gefe santimita 40, da alluna masu kaurin inci ɗaya. Idan da maɗaci ko kawo aka yi shi, zai tasam ma kilo 140 zuwa 150 tun yana busasshe. Idan da farin katako mara nauyi irin obece ne, zai tsaya wajen rabin haka. To amma farin katako saurin ruɓewa gare shi, kuma ya fi shan ruwa, don haka nauyin da aka auna ranar saye ba shi ne nauyinsa bayan wata uku ba. Maɗaci ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. A nan ne mai saye zai zaɓa tsakanin jirgin da zai daɗe da jirgin da zai ɗagu, domin a katako da wuya a samu biyun a haɗe.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a cika bi ba: filawud na ruwa, wato wanda aka manne da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. Da mai kaurin milimita 9, jirgin da aka kwatanta a sama zai tsaya tsakanin kilo 50 da 60 har da haƙarƙarinsa. Sharaɗin shi ne ya zama na ruwa da gaske. Filawud ɗin da ake yin silin da kabad da shi, damina ɗaya ta ishe shi ya ɓare falle-falle. Ana gwada shi ta hanyar yanko ɗan guntu a tafasa a tukunya na wasu sa'o'i. Idan ya rabu, a bar wa mai shi kayansa.

Jirgin fayiba ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar kwalta, ana kuma iya barin sa a tudu. Sai dai mutane kan ɗauka ba shi da nauyi saboda santsinsa, alhali wanda aka yi da kauri, mai tsawon mita 4 zuwa 5, yakan haura kilo 100. Idan ya fashe, gyaransa sai da sinadarin da ba a samu a kasuwar ƙauye. Na alminiyom shi ne mafi dacewa da mai aiki shi kaɗai, domin wannan ƙarfe kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe. Irin mai shimfiɗaɗɗen ciki da masu fatsa ke amfani da shi a Amurka, mai tsawon ƙafa 12, nauyinsa kan kama daga kilo 45 zuwa 60. Aibinsa tsada, da zafin da yake ɗauka a ranar Afrilu, da ƙarar da yake yi idan wani abu ya faɗi a ciki, wadda ke korar kifi, sannan ba kowane mai walda ne ya iya like shi ba.

Saura biyu. Kayak na roba mai tauri, mai kilo 25 zuwa 40, ya wadatar da mai fatsa, amma ba shi da wurin taru ko kwandon kifi. Jirgin da ake hura wa iska kuwa, duk da yana naɗewa ya shiga but ɗin mota, ban ga dacewarsa da ruwanmu ba. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai tsini a fukafukansu, ga ƙugiya, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka tare madatsun, ga rana mai cin gam ɗin mahaɗarsa.

Mafi ƙanƙantar abin hawa a ruwan Arewa dai har gobe gora ce, babbar ƙwaryar da masunci ke kifa cikinsa a kai yana iyo, yana jefa kifin da ya kama ta bakinta, kamar yadda ake gani a bikin Argungu. Ba mai taya shi saka ta a ruwa. Amma wannan sana'ar gwanayen iyo ce.

Siffa: kada rage nauyi ya jawo kifewa

Haɗarin neman jirgi mara nauyi shi ne a ƙare da ƙarami fiye da kima. Ga mutum ɗaya da kayan aikinsa, tsawon mita 3.5 zuwa 4.5 ya isa. Abin da ya gaza mita 3 yakan riƙa juyawa hagu da dama a duk bugun filafili, kuma ƙaramar igiyar ruwa ma tana hawa kansa.

Faɗin ƙasan jirgi, ba na bakinsa ba, shi ke hana shi tangaɗi. Wanda zai miƙe tsaye ya jefa birgi, ko ya sunkuya gefe ya jawo raga, kada ya yarda da ƙasa da santimita 90. Mai zama yana fatsa zai iya haƙuri da 75 zuwa 80. Shimfiɗaɗɗen ciki ya fi dacewa da mai shiga shi kaɗai, saboda yana zama daram a kan rairayi, yana kuma tashi a ruwa mara zurfi. Lissafin mai sauƙi ne, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: jirgi mai tsawon mita 4 da faɗin mita ɗaya yana nutsewa kimanin santimita ɗaya a kan kowane kilo 30 zuwa 35. Mutum mai kilo 70, da kaya kilo 30, da jirgin kansa kilo 60, ba za su nutsar da shi fiye da santimita 5 ko 6 ba, wato ruwan da bai kai idon sawu ba ya ishe shi. Rauninsa shi ne buɗaɗɗen ruwa mai iska, inda yake dukan igiyar ruwa da ƙirji maimakon ya yanka ta. A tsakiyar Kainji ko Jebba, irin wannan jirgi na bakin gaɓa ne kawai.

A bar sarari mai yawa tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi, aƙalla taƙi guda bayan an gama lodi, a kuma tuna cewa da kaya ake dawowa. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu ta 2020 kilo 78 ne, nauyin fasinja guda ke nan. Jiragen da ake shigowa da su daga waje galibi suna da ɗan allo a jikinsu da ke nuna iyakar nauyin da za su ɗauka da ƙarfin injin da ya dace da su. A karanta shi, kuma nauyin inji da mai yana cikin lissafin.

Inji ko filafili

Injin da masu jiragen haya suka fi so, mai ƙarfin doki 15, nauyinsa tsakanin kilo 35 ne da 40, mai doki 40 kuwa ya kai wajen 70. Rataya irin wannan a bayan jirgin da ke lilo, mutum yana tsaye cikin laka shi kaɗai, hanya ce ta jefa inji a ruwa ko ta gocewar ƙashin baya. Ƙaramin jirgi ba ya buƙatar fiye da doki 2 zuwa 5, kuma masu doki 2 zuwa 3 ba su kai kilo 20 ba. A auna tsayin allon baya kafin a saya, domin ƙafar inji iri biyu ce: gajera ta allo mai inci 15, doguwa ta mai inci 20. Idan ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shan iska. Idan ta yi tsawo, za ta riƙa sharar ƙasa. Injin lantarki shiru gare shi kuma ana iya cajin batirinsa da sola, amma babban batir shi ma yana kusa da kilo 30.

Mutum ɗaya a baya, ga inji, ga tankin mai, sai goshin jirgi ya ɗaga sama iska ta riƙa juya shi. Maganin wannan jarkar ruwa mai lita 25 ce a ajiye a gaba. Ko da inji, filafili da sandar turawa ba sa barin jirgi.

Dabarun sakawa da fitarwa

Jan jirgi a kan rairayi yana cin ƙarfin da ya kai kusan rabin nauyinsa, amma a kan abin da ke mirginawa, yaro ma zai tura. Guntayen bututun roba masu kauri guda uku, ko gungume masu santsi, sun isa: ana turawa, ana ɗauko na baya a mayar gaba. Inda ƙasa ke da tauri, mai walda zai iya haɗa ƙaramar kura da tayoyin baro biyu, a ɗaure ta kusa da tsakiyar jirgin domin nauyin ya zauna a kan tayoyin, hannu kuma ya zama na jagora kawai. A taɓo, sai a shimfiɗa tsofaffin alluna.

Ana saka jirgi ne babu komai a cikinsa, sai ya tashi a kan ruwa sannan a yi lodi, haka kuma ana sauke komai kafin a fitar da shi, a kwarfe ruwan ciki tas, tunda bokiti biyu na ruwa sun kusa nauyin buhun siminti. Kafin a tura shi, a ɗaure igiyar goshinsa a turke. Jirgi mara nauyi, idan babu kowa a ciki, iska kan tafi da shi fiye da saurin mai iyo, kuma bin sa da iyo ya fi asarar jirgin haɗari. Wajen shiga, a taka tsakiya, a sunkuya, hannaye biyu a kan gefuna biyu.

Akwai wani abin da ba a cika ambata ba. Tsayawa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa, inda katantanwa ke zama, ita ce hanyar kamuwa da tsargiya, cutar da ta zama ruwan dare a kewayen madatsu da magudanan noman rani. Dogon takalmin roba yana karewa, amma a tuɓe shi da zarar an hau, domin idan mutum ya faɗa ruwa da shi, cika yake yi ya hana iyo.

Wanda ya fita shi kaɗai ba shi da mai miƙo masa hannu

Iya ruwa, in ji Hausawa, fid da kai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sanya rigar kariya, ta kuma hana zirga-zirgar dare. An fi jin waɗannan dokoki bayan manyan haɗurran jiragen fasinja, irin na Warra a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Bagwai a Jihar Kano a watan Nuwamban shekarar, amma sun fi zama wajibi a kan mutum ɗaya, wanda babu mai ganin kifewarsa balle ya yi kururuwa. Rigar a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin benci ba. Mai inji ya ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunsa, don kada ya faɗa jirgin ya ci gaba da tafiya.

Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, amma na alminiyom da na fayiba nutsewa suke yi, sai idan an sa musu soso a ƙarƙashin benci. Idan babu, jarkoki biyu ko uku da aka rufe bakinsu gam aka ɗaure su a jikin jirgin za su yi aikin, kowace mai lita 25 tana riƙe kusan kilo 24. Idan jirgi ya kife kuma bai nutse ba, a riƙe shi, domin ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa.

Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, kuma tsakanin ganin baƙinsa da isowar iskar ba a cika samun rabin sa'a ba. Da hunturu kuma hazo kan ɓoye gaɓa. A yankin Yawuri da Dadin Kowa akwai dorina, wadda ke kifar da jirgin da ya fi wannan girma, kuma masuntan wurin sun san inda take zama. A tambaye su, a kuma tambayi halin tsaron yankin. A sanar da wani a gida inda za a je da lokacin dawowa, waya kuma ta kasance cikin leda a ɗaure a jiki.

Kafin a biya

Kamun kifi a madatsu da koguna yana ƙarƙashin sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiha, wanda ke ba da lasisi ya kuma ƙayyade girman idon raga, ban da ƙa'idojin gargajiya na Sarkin Ruwa. Mai neman shawarar ƙwararru zai iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa a Jihar Neja.

Idan tsohon jirgi ne, a kifa shi a duba cikinsa. A soka tsinin wuƙa a allunan ƙasa da allon baya. Inda ta shige ba gardama, ruɓa ce, ko da an shafe ta da sabon fenti. A fayiba a danna da tafin hannu a ji ko akwai inda ke lotsawa, a alminiyom kuma a zuba ruwa a ciki a ga ko ƙusoshinsa na ɗiga. Sannan a nemi mai sayarwa ya yarda a kai jirgin bakin ruwan da za a riƙa aiki. Mai saye ya sauke shi da kansa, ya saka, ya zaga na sa'a guda, ya miƙe tsaye a wuri mara zurfi ya ji tangaɗinsa, sannan ya fitar da shi ya mayar kan mota, 'yan rakiya suna tsaye ba su sa hannu ba. Idan a ɗaya daga cikin waɗannan matakai sai da ya ce a kama masa, to ya nemi wanda bai kai wannan nauyi ba, ko kuma ya koma ga shawarar barin jirgin ya riƙa kwana a kwata.